Lakar tafkin Abijan

1. Daga Ajame zuwa Tireshbil

Auta yaro ne ɗan shekara 11. Iyayensa mutanen Maraɗi ne, amma shi a Abijan aka haife shi, cikin ƙasar Kwaddibuwa. Gidansu yana Ajame, unguwar kasuwanni da tashoshin mota. Babansa makanike ne, yana da gareji kusa da babbar tasha. Yayarsa kuwa tana karatun ilmin ƙasa da ruwa a jami'a, can Kokodi.

Wata Lahadi, farkon watan Yuni, Inna ta aiki Auta da yayarsa su kai wa kawunsu saƙo a Tireshbil. An kwana ana ruwa. A Abijan ruwan sama ba wasa ba ne. Abin da ke sauka cikin shekara guda ya ninka na Maraɗi sau uku, har da ɗori.

Da suka fito, sai suka tarar kwatocin unguwa sun cika sun batse. Ruwa ja wur yana gudu, ɗauke da ƙasa, da leda, da ɓawon ayaba, da robobin ruwa. A ƙofar garejin Baba, wani abu mai launin bakan gizo yana yawo bisa ruwan. Baƙin mai ne da yaran gareji suka juye jiya da marece.

Auta ya ce:

— Yaya, duk ruwan nan ina za shi?

— Inda za mu, nan za shi. In mun shiga bas, zauna gefen taga ka gani.

Ajame bisa tudu take. Ruwanta, da na wani sashe na Abobo da Kokodi, duk kwari ɗaya suke bi, kwarin Guru. Suna haɗuwa a mararrabar Indeniye, wadda ta yi suna wajen ambaliya. Daga nan sai su faɗa cikin wani hannu na tafki da ya kutso tsakiyar gari. Shi ne lungun Kokodi.

Bas ɗin SOTRA ya gangaro Indeniye, ya bi bakin lungun. Auta ya ƙura ido. Ruwan nan da ya gani yana gudu kamar doki, nan ya yi laƙwas, ko motsi ba ya yi. A gefensa ga laka baƙa ƙirin. Iska ta kaɗo wani wari irin na baragurbi, fasinjoji suka toshe hanci.

Suka hau gadar De Gaulle, wadda aka buɗe a 1967. Can hannun dama ga manyan ƙugiyoyin ɗaukar kaya na tashar jiragen ruwa. Suna sauka daga gadar, sun shiga Tireshbil.

2. Lambun Kawu

Kawu mai gadi ne. Da dare yana tsaron wani sito, da rana yana kula da ɗan lambunsa a bakin tafki. Yana shuka salati, da alayyafo, da yakuwa. Daga nan yake samun na cefane, har ya aika gida. Matsalarsa ɗaya ce: ƙasar wurin rairayi ce zalla, ba ta riƙe ruwa, ba ta da ƙarfi.

Suka same shi da shebur da baro, ya naɗe wando har gwiwa. Gefen lambun ga tulin baƙar laka da ya kwaso daga bakin ruwa.

— Kawu, ina wuni?

— Lafiya lau, ƴaƴana. Yaya su Innarku? Ku dubi abin da Allah ya ba ni: taki kyauta! Gobe in baza shi, salatina ya yi kore shar.

Yaya ta dubi tulin, ta dubi salatin. Ta ce:

— Kawu, don Allah a dakata tukuna.

— Don me, ɗiyata? Laka ai laka ce. A Maraɗi, in Gulbi ya janye, lakar da ya bari ita ce arzikin masu lambu. Da ita muka tashi.

Kawu bai yi ƙarya ba. Lakar gulbi tana gyara gona, manoma sun san haka tun kaka da kakanni. Abin da ya manta shi ne hanyar da kowace laka ta biyo. Ta Gulbin Maraɗi yawancinta daga gonaki da daji take fitowa. Ta bakin Tireshbil kuwa ta ratso birni mai mutum fiye da miliyan 5, bisa ƙidayar 2021, da garejinsa, da masana'antunsa, da masansa.

Yaya ba ta yi gardama da babba ba. Ta ɗauki wata kwalba, ta cika ta da ruwa. Ta zuba rairayi kaɗan, ta sa tsinke ta ɗebo laka ta ƙara. Ta rufe, ta girgiza, ta ajiye bisa dutse. Nan take rairayin ya kwanta a gindi. Ruwan sama da shi kuwa ya tsaya baƙi, ya ƙi washewa.

— Mu bar ta nan, Kawu. Mu ci abinci tukuna.

Kawu ya aiki Auta ya sayo garba. Garba abinci ne na garin rogo da ake kira aceke, da soyayyen kifin tuna, da barkono. Duk Abijan an san shi. Mutanen Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi, ana kuma cewa daga sunan nan namu na Garba ya samo sunansa.

Suna ci, Yaya tana bayani. Ga abin da ta gaya musu.

3. Tafkin da lakarsa

Tafkin Abijan sunansa Ebiriye, sunan mutanen da suka daɗe da zama bakinsa. Su da kansu Caman suke kiran kansu, masunta ne tun asali. Tsawon tafkin ya kai kilomita 130. Wani siririn tudun rairayi ne ya raba shi da teku. Koguna suna zuba cikinsa, babbansu shi ne Komowe.

A da, manyan jirage ba su iya shiga tafkin. Can cikin teku suke tsayawa, a yi ta jigilar kaya da ƙananan jirage. A 1950 aka gama haƙa mashigin Biridi, mai tsawon mita 2,700, ya haɗa tafkin da teku. A 1951 aka buɗe tashar jirage. Daga nan Abijan ta yi ta bunƙasa. Mutane suka zo daga ko'ina neman abinci, har da kakannin su Auta.

Tun da aka buɗe mashigin, ruwan gishiri yana shiga tafkin in teku ta cika, yana fita in ta janye. Wato a Abijan ruwan daɗi da ruwan gishiri gauraye suke. Irin wannan wuri shi ne laka ta fi son kwanciya.

Dalili biyu ne. Na farko, ruwa mai gudu yana iya ɗaukar ƙasa, amma in ya tsaya sai ya sake ta. Rairayi mai nauyi ne, shi ke fara faɗuwa. Laka kuwa ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, sun fi gari laushi, sai ruwa ya natsu sosai suke sauka. Na biyu, gishiri yana sa ƙwayoyin nan su manne wa juna. In sun dunƙule sai su yi nauyi, su nutse. Shi ya sa lungunan da ruwa ba ya motsi, kamar na Kokodi, da Banko, da Markori, da Biyetiri, suke cika da laka.

Da ƙasa ce kaɗai, da da sauƙi. Amma laka tana da wani hali: tana kama abin da ya zo kusa da ita, kamar yadda danƙo ke kama ƙura. Rairayi ba ya riƙe kome sosai, ruwa na bi ta cikinsa ya wanke shi. Laka kuwa in ta kama, ta kama.

Me take kamawa? Tana kama dalma, wadda ke fitowa daga tsofaffin baturan mota da tsohon fenti. Tana kama tagulla, daga wayoyi da fentin da ake shafa wa gindin jirage. Tana kama tutiya, daga kwanon rufi da tayoyin mota. Tana kama zaiba, wadda ke cikin wasu ƙananan batura da dogayen ƙwayayen lantarki, wadda kuma masu haƙar zinariya ke aiki da ita a bakin koguna. Tana kama baƙin mai. Tana kama maganin ƙwari. Duk waɗannan guba ne in sun taru a jikin mutum, ko da ido ba ya ganinsu cikin laka.

Ban da su, akwai ƙazantar da ke ruɓewa: ruwan masai, da ragowar abinci, da jini da tumbi daga mahauta, da ruwan sabulu. A rafin Banko, bayan Ajame, masu wanki da ake kira faniko sun daɗe suna wanke tufafin gari bisa duwatsu, kumfar kuma tafki take gangarawa. In irin wannan ƙazanta ta kwanta a gindin ruwa, ƙananan halittun da ke ruɓar da ita sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa. In iskar ta ƙare, laka ta yi baƙi, ta soma fitar da warin baragurbi. Warin da Auta ya ji cikin bas ke nan.

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce:

— Lalle ruwa ba ya tsami banza. To amma ai teku tana shiga tana fita kullum. Ba ta wanke shi?

— Ruwan sama-sama take canzawa, Kawu. Lakar tana nan kwance.

Ga misali. A da, ana zuba dalma cikin man fetur. Hayaƙin motoci ya baza ta bisa tituna, ruwan sama ya wanke ta zuwa tafki. Tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayar da irin wannan fetur. Hayaƙin ya wuce tuni. Amma dalma ba ta ruɓewa kamar ɓawon ayaba. Wadda ta shiga laka kafin a haifi Auta tana nan inda ta kwanta.

Masana suna da hanyar ganin haka. Sukan shiga kwalekwale da dogon bututu, su kafa shi cikin laka, su zaro shi cike. In sun tsaga bututun, sai ga laka hawa-hawa. Ta sama ta bana ce, ta ƙarƙashinta ta bara, ta can ƙasa ta zamanin da Abijan ke ƙaramin gari. Sukan yanka ta gunduwa-gunduwa, su kai ɗakin gwaji, su auna gubar da ke cikin kowane hawa. A Tireshbil ɗin nan akwai cibiyar binciken teku da tafki, CRO. Akwai kuma CIAPOL, hukumar yaƙi da gurɓata muhalli, wadda aka kafa a 1991. Awon da masana suka yi ya nuna lakar lungunan cikin gari ta fi ta wuraren da ke nesa da gari yawan waɗannan ƙarafa.

Auta ya ce:

— To, Yaya, tun da tana can ƙarƙashin ruwa, ina ruwanmu da ita?

Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin tukunya. Cikin laka akwai tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi, laka suke ci. Ƙaguwa da jatan lande suna cin su. Haka ma kifayen da ke kiwo a gindin ruwa, kamar wanda ake kira mashwaro, mai gashin baki irin na tarwaɗa. Wasu daga cikin gubar, musamman zaiba, ba su fita daga jikin kifi. Ƙaramin kifi ya tara kaɗan, babba ya cinye ƙanana da yawa ya tara mai yawa. Daga nan sai kasuwa, sai miya. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe dalma ko zaiba. Yara ƙanana da mata masu ciki su suka fi cutuwa, don gubar tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke cikin girma. Yaron da dalma ta taru a jininsa yakan sha wuya wajen karatu, ba a san dalili ba.

Auta ya dubi kifin da ke hannunsa, ya ajiye. Yaya ta yi dariya.

— Ci abinka. Tuna kifin tsakiyar teku ne, bai san Kokodi ba. Kifi abinci ne mai gina jiki, ba a ce a bar shi ba. Wanda aka kama a bakin kwata ko cikin lungu mai wari, shi ne abin gudu.

Lambu ma hanya ce. In aka baza irin wannan laka bisa fangali, saiwa za ta sha wani abu daga ciki. In ta bushe ta zama ƙura, ta hau ganye, ta hau hannun yara. Salati kuwa ɗanye ake cin sa.

4. Yasa

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yasar rijiya. In ƙasa ta cike ta, sai mutum ya shiga da guga ya kwashe. Tafki da tashar jirage ma ana yashe su, sai dai da jirgi na musamman. Wani jirgin yana da babban cokali da yake kwasa da shi. Wani yana da bututu mai tsotsa kamar hancin giwa.

Tashar jirage ba ta rayuwa sai da yasa. In gindinta ya cike, jirgi ya kafe. Daga 2015 zuwa 2019 wani kamfanin ƙasar Sin ya faɗaɗa mashigin Biridi, ya ƙara masa zurfi, don jiragen da gindinsu ke nutsewa har mita 16 su iya shiga. A 2022 aka buɗe sabon wurin sauke kwantena, bisa filin da aka samu ta hanyar cike wani gefen tafki. Lungun Kokodi ma, da ƙasa da shara suka cinye babban sashensa, an shiga gyaransa. A 2015 aka gabatar da shirin, tare da taimakon ƙasar Maroko. An yashe, an gyara gaɓa, a 2023 kuma aka buɗe sabuwar gada bisa lungun, tsakanin Kokodi da Filato.

Amma yasar laka mai guba ba kamar yasar rijiya ba ce. Wahala biyu gare ta.

Ta farko: in aka taɓa ta, ta tashi. Yaya ta ɗauki kwalbar nan, wadda ta fara washewa, ta ɗan kaɗa ta. Nan da nan ruwan ya sake yin baƙi. Haka gubar da ta yi shekaru tana barci take farkawa, ta bi ruwa, ta isa inda masunta ke jefa taru. Don haka masu aikin kirki sukan yi yasa a hankali. Sukan kewaye wurin da wani dogon labule mai yawo cikin ruwa, don ya tare lakar da ta tashi.

Ta biyu ta fi wuya: in an kwaso ta, ina za a kai ta? A bakin Biridi, cikin teku, akwai wani kwari mai zurfin gaske, wanda Faransawa suka sa wa suna Rami Marar Gindi. Mai gaggawa zai ce a zuba kome a can a huta. Amma teku ba juji ba ce, daga cikinta tunar garba ke fitowa. Tun 1972 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Landan kan abin da aka yarda a zuba cikin teku da wanda aka hana. A 1981 kuma, cikin Abijan ɗin nan, ƙasashen gaɓar yammaci da tsakiyar Afirka suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar ta kare teku.

Saboda haka aikin farko shi ne awo. Kafin cokali ya taɓa gindin ruwa, a ɗebo laka wuri-wuri a gwada. In rairayi ne mai tsabta, dukiya ne: a cike fili da shi, a yi hanya. In laka ce mai guba, sai a zaɓi abin da ya dace da wurin. Wani lokaci a kwashe ta, a zuba cikin babban rami ko fili da aka kewaye da ganuwa, aka shimfiɗe gindinsa yadda ruwa ba zai yoyo ba, sa'an nan a rufe. Wani lokaci a bar ta inda take, a lulluɓe ta da rairayi mai tsabta mai kauri, don tsutsa da kifi kada su kai gare ta. Wani lokaci ma, in wurin ba jirgi ke bi ba, a ƙyale ta kurum a riƙa aunawa, sabuwar ƙasa mai tsabta ta binne tsohuwa. Ba kullum kwashewa ta fi ba.

Akwai garin da ya koyi wannan darasi da hawaye. Sunansa Minamata, a ƙasar Japan. Wata masana'anta ta yi shekaru, daga 1932 zuwa 1968, tana zuba ruwa mai zaiba cikin lungun teku na garin. Zaibar ta shiga laka, ta shiga kifi. Kyanwoyin gari suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa. A 1956 likitoci suka ga cutar a jikin mutane: hannu na rawa, magana na sarƙewa, ido na dushewa. Mutane da yawa suka mutu, aka haifi jarirai da naƙasa. Gyaran lungun ya ci shekara 13, daga 1977 zuwa 1990. Aka tsotse lakar, aka tara ta a gefe ɗaya bayan katangar ƙarfe, aka rufe da ƙasa mai tsabta. Yau wurin filin shaƙatawa ne. Sai a 1997 hukuma ta ce kifin lungun ya koma ciyuwa.

Kawu ya yi shiru. Can ya ce:

— Mu ma nan mun ga namu. Ba na manta warin nan.

Abin da Kawu ke nufi ya faru a watan Agusta na 2006. Wani jirgi mai suna Probo Koala ya tsaya a tashar Abijan da dattin mai mai guba. Motocin tanki suka kwashe shi da dare, suka zubar a jujin Akuwedo da wasu wurare cikin gari. Mutum fiye da 100,000 suka je asibiti. Hukuma ta ƙidaya aƙalla mutum 15 da suka rasu. Daga baya sai da aka kankare ƙasar wuraren da aka zuba dattin, aka ɗura ta cikin manyan mazubai, aka kai ta Faransa aka ƙone. A 2007 kamfanin da ya yi hayar jirgin, Trafigura, ya biya gwamnati sefa miliyar 100, ba tare da ya amsa laifi ba. Zubarwar dare ɗaya ce, kwashewar kuwa ta ci watanni.

Wannan ya zo da ƙarfi, kowa ya ji warinsa. Na kwatocin Ajame kuwa kaɗan-kaɗan yake zuwa, kowace damina, ba mai kuka. In an yashe lungun Kokodi bana, kwarin Guru kuma ya ci gaba da kawo ƙasa da mai da leda, baɗi sai a sake yasa. Shi ya sa aka gina ƙananan madatsu cikin kwarin, don su rage gudun ruwa, ƙasa ta kwanta can kafin ta iso tafki. Gwamnati kuma ta yi dokar hana leda a 2013, ko da yake wanda ya leƙa kwata bayan ruwa zai ga dokar ba ta gama aikinta ba.

5. Ganga a ƙofar gareji

Kawu ya tashi, ya tsaya kan tulin lakarsa. Aikin safiya guda ne cur.

— To, ɗiyata, ke kin tabbata akwai guba cikin wannan?

— Ban tabbata ba, Kawu. Sai an auna ake sani. Amma kusa da bakin kwata kuka kwaso ta, kuma ga warinta. Salatin nan, har da ƴaƴan maƙwabta ke ci.

Kawu ya ɗauki shebur. Bai bar tulin ya bushe a rana ba. Ya mai da lakar cikin ramin da ya haƙo ta, a hankali, ya kwaso rairayi baro uku ya rufe. Suka wanke hannu da ƙafa da sabulu. Ya ce ranar Talata zai je kasuwar dabbobi, wajen wani abokinsa mai tumaki, ya samo taki na gaske.

Da dare, a Ajame, Auta ya kwashe labari duka ya gaya wa Baba. Ya ƙare da maganar baƙin man da ya gani bisa ruwa. Baba ya ɓata rai.

— Ni kaɗai ne mai gareji a Ajame? Layinmu kaɗai mun fi goma.

Auta ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba. Inna ce ta ce:

— Malam, kifin da nake saye ran Juma'a, na tafki ne fa.

Baba bai amsa ba. Amma bayan kwana biyu, da Auta ya biyo ta gareji daga makaranta, sai ya ga tsohuwar ganga a bakin ƙofa, da mazurari bisa kanta. Baba yana gaya wa yaransa duk wanda ya sake juye mai cikin kwata, ranar ba shi da kuɗin abinci. Tsofaffin batura kuma an jera su cikin inuwa bisa katako, ba a fasa ko ɗaya ba. Garejin da ke kusa da su yana nan yana juye nasa kamar kullum.

Auta ya taho da kwalbar nan daga Tireshbil, ya ajiye ta bisa taga. Sai da ta kwana uku kafin ruwanta ya washe. A gindi ga rairayi, bisansa ga wani siririn layi baƙi.

Kalmomi da Faransanci

tafki mai haɗe da teku: la lagune
lungun tafki: la baie
laka: la vase
yasa: le dragage
mashigi: le canal
dalma: le plomb
zaiba: le mercure
Ajame: Adjamé, Tireshbil: Treichville, Ebiriye: Ébrié, Biridi: Vridi, Kokodi: Cocody

Tambayoyi

1. Wace hanya ruwan Ajame ke bi kafin ya isa tafki?
2. Me ya sa laka ta fi taruwa cikin lunguna?
3. Mene ne bambancin lakar Gulbin Maraɗi da ta bakin Tireshbil?
4. An daina sa dalma cikin fetur tun 2006. Don me har yanzu ake samun ta cikin laka?
5. Ta yaya gubar da ke gindin ruwa take isa cikin tukunya?
6. Kawu ya rufe ramin da rairayi. Wace dabara ta masu yasa ce ya kwaikwaya?
7. Baba ya ce ba shi kaɗai ne mai gareji ba. Wace amsa za ku ba shi, cikin ladabi?

Aiki

A sami kwalba mai haske. A zuba ruwa, da rairayi cokali 2, da ƙasar gona mai laushi cokali 2. Kada a ɗebo daga kwata. A girgiza, a ajiye, a duba bayan minti 1, bayan awa 1, da kuma washegari. A zana abin da aka gani. A sake yin haka da kwalba ta biyu, amma a ƙara gishiri cokali 1. Wace ce ta riga washewa?

Bayan an yi ruwan sama, ƴan aji su fita tare da malaminsu, su bi ruwan ƙofar makaranta su ga inda yake tsayawa. Su rubuta sunan wurin, da abubuwa 5 da ruwan ya kai can.